Karen da Aka Ba Marlys

Akwatin ya fara motsi tun kafin a miƙa mata shi.

Marlys Tvedt na zaune a kujerar marigayi mijinta, a falon gidanta da ke kan tudu a garin Duluth, ranar Kirsimeti da hantsi. Ɗanta Curtis ya durƙusa a gabanta riƙe da akwatin kwali da aka ɗaure da jan ƙyalle. Matarsa Shawna ta ɗaga waya tana ɗaukar bidiyo, tana ja da baya a hankali don haske ya sauka daidai a fuskar surukarta.

"Mama, kar ki buɗe tukuna," in ji Shawna. "Cire tabarau ɗin, yana ƙyalli. Yauwa. To, yanzu buɗe."

Da yake babu tabarau, abin da Marlys ta fara gani wani farin dunƙule ne mai idanu biyu. Dunƙulen ya yi tsalle ya faɗo cinyarta, ya lashi haɓarta, sannan ya tsula fitsari a kan siket ɗin da ta je coci da shi. Tafin ƙafarsa kaɗai ya kai faɗin murfin gwangwani.

"Sunansa Biskit!" in ji Shawna. "Curtis, dubi fuskarta. Kuka take yi! Wayyo, Mama!"

Kukan kam ta yi shi. Sai dai waya ba ta tambayar hawaye daga ina ya fito.

Shekarun Marlys saba'in da takwas, kuma duk a wannan jiha ta yi su, inda tun yaro na rarrafe muke koya masa abin da zai ce idan aka ba shi abin da ba ya so. Shi ta faɗa, murya a sanyaye.

"Kai, ai da ba ku wahalar da kanku ba."

A cikin jakarta, wadda ke rataye a bayan ƙofa, akwai takardar da ta riga ta cike. Ranar Talata za ta je gidan karnukan gunduma, inda ake ajiye waɗanda ba su da mai su, ta ɗauko wani tsohon kare mai suna Otis. Shekarunsa goma sha ɗaya, kunne ɗaya ba ya ji, gashin bakinsa duk ya yi furfura. Sau huɗu ta je ta gan shi. Ba ya haushi, ba ya jan igiya, tafiyarsa kuma irin tata ce: taku biyar, a tsaya a duba duniya.

Ta sami Curtis a kicin yana yankar naman da ya rage.

"Curtis, ai na gaya maka zancen Otis."

"Shi ya sa ma muka yi sauri, Mama. Haba, wa yake barin uwarsa ta ɗauko tsohon kare? Wata shida ya mutu, ki zauna kina kuka, mu ne da lallashi. Kuma karnukan can ba ki san me suka gani a rayuwarsu ba. Wannan kuwa sabo ne fil, daga gonar mai kiwo. Jinin karnukan da ke jan keken ƙanƙara ne. Mutumin ya ce zai kai shekara goma sha biyar."

"Ni fa?"

"Ke me?"

"Ba komai. Ka ɗebi dankalin nan ku tafi da shi."

A jikin firij, kusa da kansa, akwai wata takarda mai hoton tsofaffi biyu suna dariya a kan benci. Shawna ce ta manna ta tun bazarar da ta wuce, lokacin da Marlys ta zame a matakalar bayan gida. Ta wani gidan kula da tsofaffi ce da ke bayan babban kanti. A ranar Curtis ya riƙe hannunta ya ce, "Faɗuwa ɗaya kuma, Mama, shi ke nan. Ba za mu bar ki ke kaɗai a gidan nan ba." Ta ce to. Ta kuma sa hannu a takardar da ta ba shi ikon yanke shawara a kanta idan likita ya yarda. Shekara arba'in da shida ke nan tana cikin gidan, kuma abin da ya rage tsakaninta da bencin can faɗuwa ɗaya ce.

Da la'asar suka kama hanyar Minneapolis, tafiyar awa biyu da rabi. Suka bar mata keji, buhun abinci, igiya mai adon taurari, da alkawarin zuwa kowace Asabar.

Ranar Talata ta kira Denise, matar da ke kula da gidan karnukan, ta tambaya ko za ta iya haɗa biyun.

"Wane irin kwikwiyo ne?" in ji Denise. Da ta ji irinsa sai ta ce, "Mama Marlys, Otis ba zai iya da shi ba. Ke ma... to, dai. Zan bar hotonsa a allo."

Watan Janairu Biskit ya yi shi yana girma. Da safe ta bar shi a wani tsayi, da yamma ta tarar ya ƙaru. Ya cinye ƙafar teburin cin abinci, da littafin waƙoƙin coci, da takalmin mijinta da ta ajiye a bakin ƙofa shekara shida ba ta taɓa ba. Haƙoransa kamar allura, fatarta kuma ta zama kamar takardar sigari, ga maganin tsinka jini da take sha. In ya kama hannunta da wasa, sai wurin ya yi baƙi har gwiwar hannu. Ta koma sa riga mai dogon hannu har a cikin gida.

Kullum sau huɗu sai ta fita da shi, a garin da tituna ke gangarowa tafki kamar an jingina su, kuma daga Disamba zuwa Afrilu ƙanƙara ke shimfiɗe a kansu. Ta sayi ƙarafan da ake ɗaura wa takalmi saboda santsi. Ta koyi naɗa igiyar sau biyu a wuyan hannu.

Asabar ta farko Curtis bai zo ba, dusar ƙanƙara ta yi yawa a hanya. Ta biyu 'ya'yansa mata na da wasa. Ta uku shi ya kira da kansa.

"Mama, kin san mutum nawa suka kalli bidiyonki? Dubu arba'in! Har a ofis ana ce mini, kai ne ɗan nan mai kirki?"

"Madalla. Curtis, yana da ƙarfi fa."

"Ai lafiya ke nan."

"Ina nufin yana ja."

"Kwikwiyo ne, Mama, duk haka suke. Zan turo miki wani bidiyo, minti goma ne, mutumin ya iya koyar da kare. Kuma kin ga yana sa ki motsa jiki. Likita ma ai ya ce ki riƙa tafiya. Ba kya jin daɗinsa ne?"

Ta dubi takardar da ke jikin firij.

"Ina ji mana. Kyakkyawa ne."

"To kin gani. Shawna ta ce ki ɗauko mana sabon hoto, mutane na tambaya. Ki durƙusa kusa da shi."

Ta durƙusa. Tashin ne ya ɗauke ta minti bakwai, tana dafa kujera.

A tsakiyar Fabrairu nauyinsa ya kai laba hamsin, nata ɗari da goma sha biyu. Wata Laraba da rana tsaka, suna daidai ƙofar maƙwabciyarta Arlene, wani kurege ya gilma. Ba ta ma san lokacin da ƙasa ta zo ba. Ta ji dai ƙugunta ya bugi ƙanƙara, igiyar ta shaƙe wuyan hannunta, ana janta a kan titi kamar buhu, har sai da kuregen ya hau bishiya. Biskit ya dawo yana kaɗa jela, ya lashe mata fuska.

Abin da ta fara dubawa ba ƙugun ba ne, tagogi ne. Labulen Arlene ya motsa, ya koma.

Arlene maƙwabciya ce ta gari, irin tamu. Ba ta fito ba, don kada ta kunyata Marlys. Washegari ta zo da kwanon nama da dankali mai zafi, ta tsaya a bakin ƙofa tana buga takalmi.

"Na dafa da yawa ne," in ji ta. "Titin nan kuwa bana akwai santsi."

"Akwai kam."

"Har na ga kamar wata ta zame jiya. Ban gane ko wace ce ba."

"Allah Sarki. Ko wace ce, ina jin ta tashi."

"Ta tashi," in ji Arlene, tana kallon hannun rigar Marlys. "Wannan karon."

Daga ranar ba ta ƙara fita da shi ba. Ta sauke kejin zuwa ɗakin ƙasa, inda injin wanki yake, ta shimfiɗa jaridu. Matakala goma sha biyu ce, ta katako, ƙasanta siminti. Karen da aka haifa don ya yi gudun mil ashirin a yini ya koma zagaye injin wanki. Kwana biyu yana haushi, a na uku ya fara wani dogon kuka da ke ratsa katakon falo ya shiga ƙafafunta. Ya ci matakala ta ƙarshe har rabi. Ya fara cizon jelarsa har gashi ya zube.

Safe da yamma sai ta sauka da kwanon abinci a hannu ɗaya, ɗayan a jikin bango. Da ya ji motsin ƙofa sai ya taso a guje, ya haɗu da ita a tsakiyar matakala, ya ɗora mata ƙafafu a ƙirji. Ta koyi zama tun daga sama, ta riƙa sauka da mazaunai, ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci sai ta tsaya a ta shida, ya ɗora kansa a cinyarta, yana huci.

"Ba laifinka ba ne, yaro," ta kan ce masa. "Ni da kai duk a akwati ɗaya aka sa mu."

Ba ta tsane shi ba. Da ta tsane shi da abin ya fi sauƙi.

Ta kira Curtis a ƙarshen watan. Ta shirya maganar tun safe, har ta rubuta ta a bayan ambulan.

"Ina tunanin ko za ku riƙe shi na ɗan lokaci. 'Yan matan za su so shi."

"Kai, Mama, da so samu ne. Amma mun shimfiɗa sabon kafet, kuma kin san Shawna da atishawa. Ga aiki. Mu ba ma gida yini guda, ke kuwa kullum kina nan, me kike yi? Ai saboda ke muka saye shi. Ba ƙaramin kuɗi ba ne fa." Can sai ya ce, "Ko dai wani abu ya faru ne? Kin faɗi?"

"A'a."

"In gidan ya fara yi miki yawa, ki faɗa mini. Har yanzu suna da ɗaki a can."

"Lafiya lau nake. Tambaya ce kawai."

Ta yaga ambulan ɗin ta jefa a shara.

Ranar sha ɗaya ga Maris, tana matakala ta huɗu, ya taso kafin ta zauna. Kwanon ya tafi, ta ji ƙararsa a kan siminti. Ita kuma ta rataye a jikin ƙarfen riƙewa da hannu ɗaya, ƙafafunta na lilo, tana kallon inda kwanon ya dare gida biyu. Da ta samu ta hau, ba ta zauna ba. Ta sa kwat, ta tsallaka gidan Arlene.

"Ina son ki kai ni wani wuri a motarki. Da kare."

Arlene ta riga ta ɗauki makulli kafin ta rufe baki. "Tun Fabrairu na cika tanki," in ji ta.

Tun daga wurin ajiye motoci ake jin haushi. Denise ta tarye su a kanta, mace mai kauri da rigar aiki duk gashi. Ta dubi Biskit, ta dubi igiya mai taurari, ta sauke numfashi.

"Na goma sha bakwai ke nan tun Janairu. Kirsimeti a akwati, Maris a wurina. Har na san igiyoyin. Mama Marlys, nuna mini hannun nan."

"Ba komai ba ne."

"Haka duk kuke cewa." Ta durƙusa ta shafa wuyan karen. "Kai kuma, ɗan samari, wa ya ce maka kai karen falo ne? Akwai wani mutum a arewa mai tseren karnuka, zan kira shi. Sai dai keji. Ba ni da ko ɗaya. Har a ɗakin shan kofi na sa biyu."

"Otis fa?"

"Yana nan. Wa zai ɗauki Otis ana raba kwikwiyo?" Ta sassauta murya. "In wuri ya ƙare, tsofaffi ake fara yi wa allurar mutuwa, kin sani. Sau biyu ina cire sunansa daga takardar likita. Ba zan iya na uku ba."

"To ki sa wannan a kejinsa. Ni in tafi da shi."

Denise ta tsaya tana kallonta, sai ta yi dariya, irin ta wanda ya daɗe bai yi ba. Ta shiga ciki ta fito da Otis. Ya taho a hankali, taku biyar, ya tsaya. Ya shinshini takalmin Marlys, ya zauna a kan ƙafarta kamar jiya suka rabu. Arlene ta juya tana karanta sanarwar da ke bango da matuƙar kulawa.

"Saura abu ɗaya, doka ce," in ji Denise. Ta ɗauko wata na'ura mai kama da faifai ta goga a kafaɗar Biskit. Masu kiwo kan dasa wa kwikwiyo wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar mai shi. Na'urar ta yi ƙara. Denise ta buga lambar a kwamfuta, sai dariyar ta bar fuskarta.

"Wane ne Curtis Tvedt?"

"Ɗana ne."

"Karensa ne."

"A'a, nawa ne. Kyauta ya ba ni. Akwai ma bidiyo."

"A nan sunansa ne. Ba zan iya karɓa ba sai ya sa hannu da kansa. Kuma, Mama..." Ta dafe goshi. "Da zarar na buga lambar, saƙo ke tafiya wayarsa cewa an ga karensa a nan. Na manta in tambaye ki tukuna."

Ba a yi minti uku ba jakar Marlys ta fara ruri. Mutumin da wata biyu da rabi bai sami Asabar ɗaya ba, ya sami wayarsa nan take.

"Mama, me Biskit yake yi a gidan karnuka? Ɓata ya yi?"

"A'a. Ni na kawo shi."

"Kika kawo shi? Kyautar da muka ba ki? Ba ki ko gaya mini ba?" Ta ji muryar Shawna a bayansa tana tambaya. "Ba zan sa hannu a komai ba. Ki mayar da shi gida. Ranar Asabar muna tafe."

Denise ce ta janye Otis daga kan ƙafarta. Bai yi gardama ba. Bai taɓa yi ba.

Ranar Asabar kuwa suka zo, ga dusar ƙanƙara a hanya, ga wasan 'yan mata, duk ba su hana ba. Shawna ta buɗe ƙofar ɗakin ƙasa, warin ya buge ta, ta toshe hanci da hannu ɗaya, ɗayan ya ɗaga waya. Ta ɗauki jaridun, da matakalar da aka ci, da jelar da ta zube. Curtis ya zaunar da uwarsa a teburin kicin mai cinyayyar ƙafa, ya kama hannunta don ya yi mata magana a hankali, hannun rigar ya zame.

"Mene ne wannan?"

Ta ja hannun rigar don ta rufe baƙin.

"Mama, yaushe kika faɗi?"

Marlys ta dubi ɗanta, mai shekara hamsin da ɗaya, da furfura a gefen kunne. Ta ga babu sauran abin ɓoyewa. A karon farko tun da aka yi mata baftisma, ta faɗi magana yadda take.

"A Fabrairu. Karen nan ne ya ja ni a titi, kamar buhu. Ya fi ƙarfina, Curtis, tun ranar da kuka kawo shi kun san zai fi ƙarfina. Ban roƙe ku ba. Otis na ce ina so, na kuma gaya maka. Kun kawo abin da zai yi kyau a hoto, kun tafi, kun bar ni da shi, kun bar shi da ni. Shi ma kun cuce shi. Ka sa hannu a ba mutumin arewa, ni in ɗauko karena, in zauna a gidana."

Daga ƙasa ana jin Biskit yana karta ƙofa.

Shawna ce ta fara magana, cikin raɗa, kamar Marlys ta fita daga ɗakin.

"Ka ji ko? Mama ba haka take magana ba."

"Na ji," in ji Curtis. Idanunsa suka ciko. "Haka ruɗewar tsufa ta fara wa Kaka. Faɗa, da zargin mutane."

"Ba faɗa nake yi ba. Gaskiya nake faɗa muku."

"Mun sani, Mama, mun sani," ya ce yana shafa bayan hannunta, daidai kan baƙin. "Ba laifinki ba ne. Ki kwantar da hankalinki."

A garinmu, tsohuwar da ta faɗi abin da ke ranta ba ta bukatar wani gwaji.

Duk da haka an yi gwajin, ranar Alhamis. Curtis ya jera wa likita abubuwa huɗu: ta faɗi ta ɓoye, ta ɗauki kare za ta bayar ba da sanin kowa ba, gida ya lalace, hali ya canza. Shawna ta nuna hotuna. Likitan ya tambayi Marlys ranar wata da sunan gari, ta faɗa daidai. Ya ce ta zana agogo, ta zana, sai dai hannun da igiya ta murɗe ya karkace. Ya tambaye ta ko gaskiya ne ta faɗi. Ta ce gaskiya ne. Ya tambaya ko ta gaya wa wani. Ta ce a'a. Ya rubuta. Babu ƙarya ko ɗaya a takardar. Babu kare a cikinta.

Farkon Afrilu aka kai ta gidan tsofaffin. Ɗakin na da tsabta, taga ɗaya mai kallon wurin ajiye motocin babban kanti. An bar ta ta zo da kujerar mijinta. Ta nemi bencin nan na hoto, ba ta gan shi ba. A ƙofar shiga an rubuta cewa ba a shigowa da dabbobi.

Kwana uku da zuwanta ta kira Denise.

"Ɗanki ya kawo shi ranar Litinin," in ji Denise. "Ya sa hannu, ko zama bai yi ba. A wurin dalili ya rubuta: mai shi ta tsufa, ta kasa kula da shi."

"Ashe ni ce mai shi."

"A wannan layin dai."

"Mutumin arewa ya zo?"

"Ya ga jelar, ya ga yadda yake zagaye wuri ɗaya, ya ce zai yi tunani."

"A ina kika sa shi? Kin ce ba ki da keji."

Daga nesa ana jin haushi.

"Denise."

"A kejin Otis."

"Wani ya ɗauke shi ke nan."

"Bai sha wahala ba, Mama Marlys. Ina riƙe da kansa. Sai da ya ci naman kaza tukuna."

Marlys ta ce ta gode. Har ta ce Allah ya saka da alheri. Ta ajiye wayar, ta zauna tana kallon wani mutum yana tura kwandon kanti a cikin ruwan ƙanƙarar da ke narkewa.

An sayar da gidan kafin wata ya ƙare. Masu saye sun ce sai an gyara matakalar ƙasa, aka gyara. Babu wanda ya kai ƙara, don babu wanda ya karya doka. Mai kiwo ya riga ya sa hotunan sababbin kwikwiyoyi. Curtis ya gaya wa abokan aikinsa cewa shawara ce mai wuya, suka dafa kafaɗarsa, suka ce ba kowane ɗa ne zai tsaya haka ba. Arlene tana zuwa duk Laraba, su yi hirar yanayi.

Ranar bikin iyaye mata, a watan Mayu, aka ƙwanƙwasa ƙofarta. Curtis ya shigo da akwatin kwali mai jan ƙyalle, Shawna a bayansa, waya a sama.

Wannan akwatin bai motsa ba.

"Mun san kina kewarsa," in ji Curtis, ya durƙusa. "Mun ga yadda kika yi shiru tun da kuka rabu."

"Mama, tabarau," in ji Shawna.

Marlys ba ta cire ba. Ta kwance ƙyallen, ta ɗaga murfin. Farin kare ne na auduga, mai batir. Curtis ya danna wani wuri a cikinsa, ya kaɗa jela sau uku, ya yi ɗan haushi, ya tsaya.

"Kin gani? Ba ya ci, ba ya ja, ba ya mutuwa. Nas ta ce irinku suna son su sosai."

Ta juya shi a hannu, ta laluba kafaɗarsa da yatsa, a hankali, kamar mai neman wani abu a ƙarƙashin gashin.

"Wannan da sunan wa yake?"

Curtis ya yi dariya, ya dubi matarsa. "Naki ne, Mama. Naki ke kaɗai."

"Ki ce wani abu mana," in ji Shawna. "Ina ɗauka."

Marlys ta ɗora shi a cinya. Ta dubi idon wayar kai tsaye, ta cikin tabarau, babu hawaye ko ɗigo.

"Kai," ta ce. "Ai da ba ku wahalar da kanku ba."

Shawna ta sauke wayar, ta share ido da bayan hannu.

"Ka ji ko?" ta ce wa mijinta. "Ta dawo daidai."